Shirun Dakta Varga

A duk yankin alkama babu wanda ya kai Dakta Desmond Varga iya jan ra'ayin 'yan'uwansa likitoci zuwa aikin bincike. Da ma likitocin iyali na karkara ba masu son wannan zance ba ne. Kowannensu ɗakin jiransa cike yake da masu tari da masu ciwon baya, ga jarirai, ga wanda injin girbi ya datse wa yatsa, sannan a ce ya ƙara da tattara wa jami'a bayanai? Sai su ce wannan aikin malaman birni ne masu zaman inuwa. Amma in Varga ya miƙe a gaban taro, ya cire tabarau, ya tuna musu cewa yawancin magungunan da suke rubutawa an gwada su ne a jikin mutanen da ba su taɓa kayar da rago don aski ba, sai ka ga an ajiye cokula ana saurare.

Ran Asabar ɗin nan da azahar ma haka aka yi, a ɗakin cin abinci na wani otal da ke babban garin yankin. Ya roƙa, ya zolaya, ya ɗan yi gori, ya ce wanda yake ganin marasa lafiya kullum shi ya fi cancanta ya nemo amsar abin da ke damunsu. Daga ƙarshe ya rufe da maganarsa da kowa ya haddace.

"Ku tambayi kowa. Marar lafiya ba yaro ba ne, kada ku yanke masa hukunci tun bai buɗe baki ba."

Aka tafa masa sosai. Tsohuwar abokiyar karatunsa, Dakta Glenys Hollis, wadda ta daɗe tana zille wa binciken, ta ce ta miƙa wuya, a sa sunan asibitinta. Amma da yake ba ta barin ta kwana, sai ta ƙara da cewa, "Kai dai, Des, da coci ka shiga da yanzu ka zama bishop." Ya yi dariya, ya koma gida Koolabin kansa ya yi girma, yana ta fito a mota kamar saurayi.

Binciken ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Tsofaffi da yawa suna shan ƙwayoyi cike da tafin hannu, wasu tun zamanin da ciwon ya daɗe da wucewa. Ana so a gano ko rage musu wasu a hankali zai rage yawan jiri da faɗuwa. Duk wanda ya amince za a bi lafiyarsa shekara uku. Ƙa'idar kuwa guda ce, kuma Varga da kansa ya dage aka sa ta: kowane tsoho da ya cancanta, likitansa ne zai zaunar da shi ya yi masa bayani baki da baki, ya amsa tambayoyinsa, sannan ya bar shi ya zaɓa.

To, laifi tudu ne. A asibitinsa na Koolabin ya tambayi tsohuwar shugabar makaranta, ya tambayi mai kantin ƙarafa da matarsa, ya tambayi kusan kowa, amma bai tambayi Clarrie Dunstan ba.

Clarrie tsohon makiyayi ne, dogo, busasshe, kunnensa na hagu ya mutu tun yana saurayi saboda ƙarar tarakta. Matarsa Marj ta rasu shekarun baya, ta bar masa garken tumakin ulu da ita ta zaɓo iyayensu da kakanninsu da hannunta, kuma wannan garke shi ne abin da ke tashinsa da asuba. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra. Aibinsa ɗaya ne, baki. In ka tambaye shi yaya gwiwa, sai ya faro daga farin da aka yi kafin a haife ka, ya bi ta kan farashin ulu, ya ratsa ta gidan wani maƙwabci da ya mutu, kafin ya iso gwiwar, in ma ya iso. Ga kurunta, kowace magana sai an maimaita. Minti goma sha biyar ake ba kowane marar lafiya, Clarrie kuwa a gaisuwa kaɗai yake cinye su.

Ranar da ya zo sabunta magungunansa ɗakin jira ya cika har waje. Varga ya ga alamar a kan na'urarsa cewa wannan ma ya cancanta. Ya dubi agogo, ya dubi Clarrie da ya riga ya gyara zama ya ɗora hula a gwiwa, sai ya ce a ransa: wani zuwan. Da wani zuwan ya zo, aka sake cewa wani zuwan. Daga baya ma sai ya ɗinka wa abin riga mai kyau, ya ce dattijon ba zai so a dame shi da lamarin jami'a ba, gara a ƙyale shi ya huta.

Ran Litinin da azahar, ya fito daga ɗakin dubawa don ya ɗan sa wani abu a ciki, sai ya tarar da kare a ɗaure a jikin famfon bayan asibiti. Jan kare ne mai tsayayyun kunnuwa, kusa da shi ga buhun abincinsa da tsohon bargo a naɗe. Ya san shi sarai. Baz ne, karen kiwon Clarrie, wanda ko coci sai ya raka shi ya jira a bayan a-kori-kura.

Noeline, matar da ke karɓar marasa lafiya a gaba, ta biyo shi da kofin shayinta. Ta girme shi, a garin aka haife ta, kuma ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta ce da safe Clarrie ya kawo karen, ya ce a ba likita, tunda gidansa da fili kuma 'ya'yansa suna son dabba. Ta ce masa ya jira ya faɗa da bakinsa, ya ce a'a, likita ba shi da lokaci, kada a dame shi.

"Baz zai bayar? Shi kuma da me zai yi kiwo?"

"Ai ya ce kiwon ma ya isa haka," in ji Noeline. "Tun makon jiya ake cewa yana magana da dillalin dabbobi a kan tumakin Marj. Ni na ɗauka kai ka ba shi shawara."

Ya ce shi bai ba shi wata shawara ba, mutumin lafiyarsa ƙalau, in ban da gwiwa da hawan jini zuciyarsa ta fi ta wasu 'yan shekara hamsin. Noeline ta daɗe tana kallonsa ta saman kofin. Sannan ta warware masa zancen da duk garin ya sani in ban da shi.

Likita yana ɗauka abin da aka faɗa a ɗakinsa ya tsaya a ɗakinsa, tunda shi ba ya fitar da shi. Ya manta cewa marasa lafiyarsa duk ran Laraba suna haɗuwa a kulob ɗin tsofaffi, sanye da fararen kaya, suna mirgina ƙwallo a kan ciyawa, kuma tsakanin jifa da jifa babu abin da ake tattaunawa sai wa aka yi wa tiyata, wa aka canza wa magani. Binciken ya zama abin ado a wurin. Wannan ya ce likita ya zaɓe shi, waccan ta ce ita ma. Sai mai kantin ƙarafa, wanda bakinsa ba shi da linzami, ya ce ai shekara uku za a yi ana bin mutum, don haka sai wanda likita ya ga zai kai ake tambaya. Da wasa ya faɗa, aka yi dariya. Aka zagaya ana tambayar juna, sai aka tarar a cikin masu shan magani da yawa mutum biyu ne kawai ba a tambaya ba. Ɗaya wata baiwar Allah ce da kowa ya san ciwon daji ya gama cin ta, an ma binne ta a watan jiya. Ɗayan Clarrie.

"Ya ce sau biyu yana zuwa yana jira ka ɗauko zancen," in ji Noeline. "Ya ce yana ganinka kana duban na'ura, ka dube shi, ka kawar da kai. To, me kake so ya ɗauka, Des? Shiru ma magana ce."

Kunya ta lulluɓe Varga tun daga wuya har kunnuwa. Ya tsaya riƙe da burodinsa, ya rasa inda zai sa ido, ga kare yana kallonsa yana kaɗa wutsiya. Bai taɓa jin ya ƙanƙance irin na wannan rana ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tafin shekaranjiya, wanda har yanzu yake jin ɗuminsa, da yadda ya nuna Glenys da yatsa a gaban mutane yana cewa marar lafiya ba yaro ba ne. Ya ce wa Noeline ta ɗage duk wanda zai iya jira zuwa gobe. Ta ce ta riga ta ɗage.

Ya sa Baz a kujerar gaba, ya jefa buhu da bargo a baya, ya kama hanyar gonar. Rana tana dukan kwalta, gonakin da aka girbe sun miƙe fari fat hagu da dama. Fatansa ɗaya, ya isa tun dillali bai turo mota ba. Tumaki dai tumaki ne a wurin wani, amma ya ga abin da ke faruwa da tsofaffin makiyaya in suka rabu da garke suka koma ɗaki ɗaya a gari. Ba sa daɗewa.

A hanya shaiɗan ya yi ta kawo masa mafita masu sauƙi. Ya ce na'ura ce ta tsallake sunansa. Ko ya ce malaman jami'a ne suka iyakance adadi. Ko ya ce wani maganin da yake sha ne ya hana. Kowacce za ta wanke shi tas. Amma ya san Clarrie. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ciniki da dillalai, ƙarya mai laushi yana jin warinta tun daga nesa, kuma irin wannan ƙaryar ce ake yi wa wanda ake tausayi. In ya ji ta, sai ya ƙara tabbata cewa kwanansa ya ƙare. Babu abin da zai sa ya yarda lafiyarsa lau sai ainihin dalilin, ɗanye, da muninsa.

Da ya iso kan iyakar gonar ya tarar da ƙofar shinge a buɗe, sarƙarta tana lilo. Ya taka birki. A wannan ƙasa ko yaro ya san ba a barin ƙofa a buɗe inda akwai dabbobi, Clarrie kuwa ya taɓa daina gaisawa da wani maƙwabci tsawon damina guda a kan haka. Varga ya ce wa kansa wataƙila ya kora garken can makiyayar bayan tudu. Ya bar ƙofar yadda ya same ta, kamar yadda ake yi, ya wuce.

Clarrie yana zaune a baranda yana korar ƙudaje da hula. Tun motar ba ta gama tsayawa ba Baz ya dire ta taga ya tafi ya cusa kai tsakanin gwiwoyinsa. Tsohon bai shafa shi ba, ya dai bar hannunsa a inda yake.

"Likita, kyauta ake mayarwa? Ko ya ci maka kaji ne?"

"Zuwa na yi mu yi magana, Clarrie."

"Me?"

Varga ya zagaya ta ɓangaren kunnen dama, ya ja kujera, ya maimaita. Clarrie ya gyaɗa kai, ya ce ba sai ya wahalar da kansa ba. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya binne mata, ya binne ƙanne, ya san yadda likitoci suke yi in abu ya fi ƙarfinsu. Bai riƙe shi da komai ba, hasali ma ya gode da bai tsorata shi ba. Abin da yake so kawai shi ne ya kintsa kayansa da hannunsa tun yana da hankalinsa, kada ya bar wa 'yarsa da ke can bakin teku wahala. Duk wannan a taƙaice ya faɗe shi, babu fari, babu farashin ulu. Wannan taƙaitawar ta fi komai tayar wa Varga da hankali.

Varga ya ce masa babu abin da ke damunsa. Ya lissafa masa zuciya, da ƙoda, da jini, ya ce kowanne lafiya lau, zai iya ƙara shekara goma ko fiye a duniya. Clarrie ya yi murmushin da ake yi wa yaro mai ba da labarin mafarki.

"To, in haka ne me ya sa ka tambayi kowa ka tsallake ni?"

Nan ne wurin. Varga ya sunkuyar da kai. Ya dubi takalmansa, ya dubi kare, ya ga dai babu ramin da zai shige. Kuma saboda kuruntar nan ba ta yadda za a yi ya faɗe shi ƙasa-ƙasa, dole ya ɗaga murya kamar mai shela.

"Saboda kana da surutu, Clarrie. Bayanin yana da tsawo, kai kuma in ka fara magana ba ka tsayawa, ga mutane suna jira. Na ga za ka cinye mini lokaci, sai na ce wani zuwan. Babu wani dalili bayan wannan. Ganda ce kawai irin tawa."

Maganar ta fita ta bazu a tsakar gidan. Clarrie ya daina korar ƙudaje. Ya ƙura masa ido, irin kallon da yake yi wa rago a kasuwa kafin ya taya, yana neman inda aka ɓoye aibi. Varga bai kawar da kai ba, ko da yake ji yake kamar fuskarsa za ta kama da wuta. Can sai ya ga abin ya shiga. Ba wanda zai ƙirƙiri irin wannan magana don ya faranta wa mutum rai.

"Wato ba mutuwa zan yi ba," in ji Clarrie a hankali. "Gundurar mutane kawai nake yi."

"Laifina ne, ba naka ba."

"Marj ma tana faɗa. Amma ita a gabana take faɗa, ta ce Clarrie rufe mana baki, sai in rufe." Ya sa hannu ya shafa kunnen Baz. "Da ka ce mini haka, likita, ai da na rufe."

Ya tashi yana ɗingishi ya shiga ciki. Varga ya ji ƙarar famfo, ya ji an ɗora buta. Ya zauna shi kaɗai a baranda, kuma da za a ba shi zaɓi da ya gwammace a zage shi tas a kore shi. Amma a nan ba a korar baƙo da rana tsaka ba shayi, ko da kuwa shi ya yi maka ɓarna. Tsohon ya dawo da kofi biyu da gwangwanin biskit, ya miƙa masa ɗaya, ya zauna.

Varga ya yi ƙarfin hali ya ce to yanzu sai a kira dillalin nan a ce an fasa. In ana bukata shi da kansa zai kira, zai ce kuskure ne daga asibiti. Clarrie ya hura shayinsa. Shi kuwa Baz, da ya gaji da zama, ya miƙe ya nufi shingen tumakin da ke bayan rumfar askinsu da gudunsa na aiki, ciki a ƙasa. Suka bi shi da ido. Ya shiga ta ƙofa, ya tarar wayam, ya zagaya, ya fito, ya sake zagayawa yana shinshina ƙasa inda tayoyin babbar mota suka bar sawu. Sannan ya tsaya a tsakiyar fili ya juyo yana duban mai gidansa, yana jiran a gaya masa inda zai nufa.

"Ran Asabar aka kwashe su," in ji Clarrie. "Da azahar. An rarraba su a kasuwa, tsofaffin kuma mahauta suka saya."

Varga ya san inda yake ran Asabar da azahar, da abin da yake faɗa. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ya ga kalmar ta yi ƙanƙanta, ya mayar da ita. Shayin ya yi sanyi a hannunsa bai kurɓa ba.

Clarrie ya kira karen da fito, ya zo ya kwanta a ƙafarsa. Sannan ya juya kujerarsa yadda kunnen dama zai fuskanci likita, ya ɗora hula a gwiwa kamar yadda yake yi a asibiti.

"To, yi mini bayanin binciken naku. Daga farko, kada ka tsallake komai. In na ga dama in shiga, in na ga dama in ƙi."

"Yanzu?"

"Yanzu mana. Ba abin da ke jirana."